Man kwakwa ko man mastad: tausar jarirai a Indiya

A Indiya, da wuya jariri ya wuni ba a yi masa tausa da mai ba kafin wanka. Tsohuwar al'ada ce ta likitancin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda, sai dai kowane yanki da man da ya saba da shi.

A arewa, irin su jihohin Bihar da Uttar Pradesh, man mastad, wanda ake tatsa daga ƙananan ƙwayoyin wata shuka mai yaji, ake ji da shi. Kaka kan ɗumama shi da tafarnuwa, ta murza jikin jika, da imanin yana korar sanyin hunturu. Ɗumin nan kuwa daga wani sinadari mai yaji yake fitowa, wanda ke iya sa fatar jariri ta yi ja. Binciken likitoci ya nuna man yana raunana shingen fata da ke tsare danshi da hana ƙwayoyin cuta shiga. Ga bakwaini, wanda fatarsa ba ta gama ƙwari ba, wannan babban haɗari ne, kuma abin yana damuna, domin iyayen da ƙauna suke yi.

A kudu, musamman jihar Kerala, man kwakwa ne. Ba shi da yaji, fata na shan sa da sauri, kuma kusan rabinsa sinadarin laurik ne mai yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa wa bakwaini mai irin wannan.

Ni dai kwakwa zan zaɓa, a fara gwada ɗan kaɗan a hannun jaririn tukuna.