Tokiyo ko Kiyoto: ina mai kwana goma zai fi daɗewa?

Ƙanena, na ga tambayar da ka ajiye jiya da dare. Ka ce tun kana sakandare Japan ta shiga ranka, har ka haddace gaishe-gaishensu, ka yi shekara uku kana tara kuɗi, yanzu Allah ya hore maka kwana goma, kana son sanin inda za ka yada zango, Tokiyo ko Kiyoto, tunda al'adunsu ne suka fi jan hankalinka. Na taka garuruwan biyu, kuma ina son ƙasar nan so na gaske. Amsata ita ce ka sauka a Tokiyo, amma yawancin kwanakinka ka ba Kiyoto. Sai dai akwai sharaɗi, zan zo kansa.

Bambancin garuruwan daga tarihi ya faro. Kiyoto ce fadar sarkin Japan tun shekarar 794, ta riƙe wannan matsayi sama da shekara dubu. Tokiyo kuwa Edo ake kiranta a da, nan gidan Tokugawa suka kafa mulkin soja a 1603, su ke juya ƙasa, sarki yana Kiyoto da sarautar suna. A 1868 aka sauya wa Edo suna zuwa Tokiyo, Sarki Meiji ya tare can. Daga nan sau biyu Tokiyo tana ƙonewa ƙurmus: girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 ta ci rayuka sama da 100,000, sannan ruwan bama-baman wuta da Amurka ta yi mata a Yaƙin Duniya na Biyu, a daren 10 ga Maris 1945, ya kashe kusan adadin haka a dare ɗaya. Kiyoto tana cikin jerin garuruwan da aka ware don bam ɗin nukiliya, sai sakataren yaƙin Amurka, Henry Stimson, ya sa aka cire ta. Shi ya sa har yau za ka bi lungu a Kiyoto ka tarar da gidajen katako da suka girmi kakanka, a Tokiyo kuwa kusan duk abin da idonka ya sauka kansa bayan yaƙi aka gina shi.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Tokiyo ba ta da al'ada. Tata al'adar a jikin mutane take. Yankin birnin yana ɗauke da mutum wajen miliyan 37, tashar Shinjuku kaɗai mutum sama da miliyan 3 ke ratsa ta kullum, amma ba ture ba hayaniya. An shata inda ƙofar jirgi za ta tsaya, kowa ya bi sahu a nan, masu fita su fita sannan a shiga. Cikin jirgi ba mai amsa waya. Wata safiya ina tsaye a layin Yamanote, wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba ta shigo ita kaɗai, da hula ruwan ɗorawa da jakar makaranta mai tauri a bayanta, katin jirginta yana reto a jikin igiya. Ba babba a tare da ita, ba kuma wanda ya ɗaga kai don mamaki. Ta sauka bayan tasha uku, ta bi matattakala abinta. Na daɗe ina tunanin irin amanar da gari zai kai kafin uwa ta saki 'yarta haka, kuma har yau in an ce Tokiyo, yarinyar nan nake fara gani kafin dogayen benaye.

Sauran ladubban a garuruwan biyu ɗaya ne. Ba a ba da tukuici a gidan abinci. Kuɗi a ɗan faranti ake ajiyewa, ba a danƙa wa mai shago a hannu. Kwandon shara yana da wuyar samu, an rage su tun bayan harin iskar guba da aka kai jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, don haka ka riƙe 'yar leda a aljihu. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci ake yin haka. Cire takalmi a bakin ƙofa da ɗan rissinawa wajen gaisuwa kuwa, mu ba sai an koya mana ba. In zuwanka ya dace da Janairu, Mayu ko Satumba, ana gasar kokawar sumo ta kwana 15 a zauren Kokugikan da ke Ryogoku. Wanda ya saba kallon kokawar takobi ta Nijar zai ji daɗinta, don shirin shiga fili da watsa gishiri sun fi karon kansa tsawo.

Yanzu sharaɗin Kiyoto: gari ne na mai sammako. Mazaunanta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu ne kacal, sauran yawanci bas ne, ga baƙi daga ko'ina a duniya. In ka fita ƙarfe goma, ƙeyar mutane za ka yi ta kallo. Mu da muke tashi sallar asuba muna da rabon da sauran baƙi ba su da shi. Ni da na idar da salla na kama jirgin farko daga tashar Kiyoto, minti biyar sai ga ni a Fushimi Inari, wurin bautar nan mai dubban ƙofofi ja da suka yi rumfa har kan dutse. Ba a rufe shi, ba a kuma biyan ko sisi. Gari bai gama wayewa ba, fitilu na ci, ba ka jin komai sai hankaki da ƙarar tsintsiyar gora. Wani dattijo ne ke shara, ya dakata ya ce mini "ohayo gozaimasu", barka da asuba ke nan, na mayar masa, ya koma kan aikinsa. Sai da na juyo zan sauko na lura bayan kowace ƙofa akwai baƙin rubutu, sunan wanda ya ba da ita da ranar da aka kafa ta. Wajen ƙarfe tara da na iso ƙasa, hanyar da na bi ni kaɗai ta cika maƙil.

Haka Kiyomizu-dera, ƙarfe shida ake buɗe shi. Gininsa na yanzu na 1633 ne, dandamalinsa na katako ya kai tsayin mita 13, kuma ba ƙusa ko ɗaya a ginshiƙansa, itace ne ya ciji itace. Kinkaku-ji da aka lulluɓe da zinariya sai tara yake buɗewa, don haka ba ka da mafita daga cunkoso, kuma ka sani wanda za ka gani na 1955 ne, don wani matashin ɗan zuhudu ya cinna wa na asali wuta a 1950. Waɗannan duka wuraren bautarsu ne, na Shinto da na Buda. Kallo ya kai ka. Ba wanda zai sa ka tafa hannu ko ka jefa kwabo, kai ma ka ba masu ibada hanya.

Abu ɗaya yana ci mini rai game da Kiyoto: mutanenta sun gaji. Za ka ga tsohuwa da sandarta bas ya wuce ta saboda akwatunan baƙi sun cika shi. A unguwar Gion baƙi sun riƙa bin matan nan masu rawa da kiɗan gargajiya da ke shafa farin fenti a fuska, geiko da maiko, suna tare musu hanya don hoto, har aka sa tarar yen 10,000 kan ɗaukar hoto a lungunan masu gida, a 2024 kuma aka fara hana shiga wasu lungunan ɗungurungum. Kai da ka ce kana son mutanen nan, ka bar babban akwatinka a masauki, ka yi tafiyar ƙafa inda za ta yiwu. A cikin yawon ƙafar ne ma za ka ci karo da masaƙan Nishijin da masu rinin baba da ɗaurin shibori, waɗanda duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai tsaya ya ƙare musu kallo.

Wajen salla da abinci Tokiyo ce gaba nesa ba kusa ba. Masallacin Tokyo Camii yana unguwar Yoyogi-Uehara. Musulmin da suka yi hijira daga Rasha ne suka fara gina shi a 1938, aka sake gina shi da fasalin Turkiyya a 2000, ranar Juma'a kuwa har waje ake sahu. A Shin-Okubo akwai lungun shagunan halal. A Kiyoto musulmi kaɗan ne, wuraren halal sai ka nema, amma gari ne na awara: suna dafa ta a ruwan zafi su kira ta yudofu, ga kuma girkin 'yan zuhudu marar nama. Ko'ina kake ka yi tambaya, don romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma suna zuba mirin da sake, dangin giya, a miya. Banɗakunansu na zamani suna da famfon tsarki, ba ka buƙatar buta.

Ka ware dare ɗaya a ryokan, masaukin gargajiya, kuma a Kiyoto ya fi dacewa: tabarmar tatami, katifa a ƙasa, ƙofar takarda. Yana da tsada, dare ɗaya ya isa. Wankansu na taro tsirara ake yi, don haka tun wajen kama ɗaki ka nemi kashikiri, wanda ake rufe maka kai kaɗai. Otal na yau da kullum kuwa a garuruwan biyu ɗakin ƙarami ne, sai dai na Kiyoto farashinsa yana tashi sosai a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin furen sakura, da kuma Nuwamba in ganye ya yi ja.

Ga yadda zan raba kwanakin in ni ne. Huɗu a Tokiyo, ka sa Juma'a a ciki. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, kwanakin farko tashin asuba zai yi maka nauyi, Tokiyo kuwa ba ta buƙatar sammako, sai jikinka ya daidaita kafin ka isa inda ake buƙatarsa. Sannan ka hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya fara aiki a 1964, awa biyu da kwata ya kai ka Kiyoto. Ka nemi kujerar E ta hannun dama, in sama ta washe za ka ga dutsen Fuji. Tikitin mako na kamfanin jiragen ƙasa na JR ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023, zuwa ɗaya kuwa wajen 14,000 ne, don haka kada ka saye shi. Shida a Kiyoto, ka ciri yini ɗaya ka je Nara wurin barewa, wani yinin ka je Kobe, ƙasa da awa ɗaya a jirgi, ka yi salla a masallacin 1935, mafi tsufa a ƙasar, wanda ya tsira daga yaƙi da girgizar ƙasa ta 1995. In ka samu tikitin da zai sauke ka a Tokiyo ya ɗauke ka daga filin jirgin Kansai da ke ɓangaren Kiyoto, ba sai ka sake komawa baya ba.

Ka faɗa mini watan da kake son tafiya, da ko ka riga ka miƙa takardun biza, sai mu zauna mu tsara ranakun ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kai ka lafiya.