Wata huɗu da feda mai kama takalmi a bakin tekun Jidda

Wata huɗu ke nan da na kwance fedar roba daga kekena na ɗaura wadda take kama takalmi. Da gangan na jinkirta rubutun nan, don da a makon farko na yi shi, ba abin da zai fito a ciki sai fargaba.

Ni ba ɗan tsere ba ne. Aikin ofis nake yi a Jidda, kuma likita ne ya tura ni hawan keke shekara uku da suka wuce, lokacin da sukari ya fara leƙo ni. Ranar Juma'a da Asabar, da an sallame Asuba, mukan haɗu mu biyar ko shida, Hausawa ne yawancinmu, wasu haifaffun Makka, wasu irina da neman abinci ya kawo. Mu bi bakin teku mu miƙa arewa wajen Abhur, mu juyo kafin rana ta buɗe. Zuwa da dawowa kilomita 40 ne zuwa 50, gwargwadon inda muka juya. Babbanmu wani dattijo ne da kowa ke kira Kawu, ya ba sittin baya, amma har yau shi ke shan iska a gaba idan ta taso.

Wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san iskarta jiƙe take. Kafin ka yi kilomita goma gumi ya gangaro har cikin takalmi, raɓa kuma ta kwanta a kan komai. Wata safiya na miƙe tsaye a kan feda don in cim ma sauran, ƙafar dama ta zame, fedar ta juyo ta daki ƙwaurina har jini. Karo na uku ke nan a bazarar. Kawu ya tsaya, ya dubi ciwon, ya ce, “Ɗana, har yaushe za ka riƙa ba ƙarfe jininka? Ka ɗaure ƙafar nan ka huta.” Na ce, “Kawu, tsoron faɗuwa nake.” Ya ce faɗuwa kam zan faɗi, sau ɗaya ko biyu, amma a tsaye zan faɗi, ba a guje ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin haka yake. Akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a tafin takalmi, masu keke suna ce masa kilit. A jikin feda kuma akwai baki mai sifirin. Ka saka gaban kilit ɗin, ka danna, sai ka ji ƙas, ta kama. In za ka fita, ka murɗa dunduniya waje, ta sake ka. Sunan da Turawa suka ba ta, kilifles, yana rikita mutane, don ma'anarsa marar maƙali, alhali maƙalewa ce aikinta. Dalili shi ne a da 'yan tsere wata 'yar raga ce da maɗaurin fata suke cusa yatsunsu a ciki, sai sun sunkuya sun sassauta da hannu kafin su sauke ƙafa. Kamfanin Look na Faransa, mai yin abin da ke kama takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, shi ya ɗauko wannan dabarar ya kawo ta kan keke a 1984, aka rabu da ragar. Da Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France na 1985 da ita, sai sauran 'yan tsere suka bi.

Wurin zaɓe ne na fi daɗewa ina tunani, kuma nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yin kuskure. Iri biyu ne manya. Akwai na 'yan tseren kwalta, mai faffaɗan kilit na roba da noti uku, wanda yake turo kai waje daga tafin takalmi. Akwai kuma SPD, wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1990 don masu hawan duwatsu, ƙaramin ƙarfe ne mai noti biyu da ke nutsewa cikin wani rami a tafin takalmin. Matasanmu duk na farkon suke so, don shi suke gani a ƙafar zakaru. To amma mu yaya hawanmu yake? Muna tsayawa shan shayi. Idan da yamma muka fita, Magariba takan riske mu wajen Masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ruwa, mu jingine kekuna mu shiga. Na sha ganin abokanmu masu noti uku suna taka tayil ɗin wurin alwala a kan dunduniya, hannu ɗaya a bango, ga ƙasa a jiƙe. Abin nan yana ba ni tsoro fiye da titi. Saboda haka na sayi Shimano PD-M520, wadda take kamawa ta fuska biyu, ba sai ka tsaya juya ta da yatsa kana neman baki ba. Da takalmin nake shiga bakala, wato ƙaramin kantin unguwa, in sayi ruwa, in taka matakalar masallaci kamar kowa. Ƙarfen yakan ɗan yi ƙara a kan dutse mai kaushi, iyakarsa ke nan.

Fedar ba ta yi mini tsada ba. Takalmin ne ya ci kuɗi, ya kusa ninka ta biyu, kuma shi ne abin da ban ji daɗinsa ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma baƙi na saya mai rufaffen sama, wanda ko kaɗan bai dace da garin nan ba. Da ƙarfe takwas ta yi, ƙafa kamar a tukunya. Mai saye ya nemi mai raga-raga a sama, ya kuma gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kada ya matse.

Ɗaurawa ba wuya, sifana mai lamba 15 ce da ɗan giris. A dai tuna fedar hagu zarenta a juye yake, wajen da kake ɗaure ta dama nan ne kake kwance ta hagu. Abin da ya fi muhimmanci, wanda mai shagon bai gaya mini ba, shi ne ɗan notin da ke saita ƙarfin sifirin. Huɗu ne, ɗaya a kowace fuska, ana juya su da alanki, ɗan ƙarfen kwance noti mai kusurwa shida, mai milimita 3, akwai alamar ƙari da ragi a gefe. Daren farko na dafa bangon gidanmu ina ta fama, dunduniya ta ƙi fita sai da ƙarfi. Maman yara tana tsaye a ƙofa ta ce, “Baban yara, wannan abin lafiya kuwa? Ka mayar musu da kayansu.” Da safe Kawu ya karɓi keken, ya sassauta notin nan huɗu har ƙarshe, sannan ya zaro wasu kilit biyu daga jakarsa. Waɗanda suka zo da fedata SH51 ne, masu fita ta hanya ɗaya, murɗa dunduniya gefe. Nasa SH56 ne, masu harafin M a jiki, waɗanda ko sama ka fizge dunduniya a karkace za su sake ka. Ya ce in fara da su.

Duk da haka na faɗi, rana ta huɗu. Muna dawowa ta wajen wurin wasan yara, wata yarinya ƙarama ta ƙwace daga hannun uwarta ta shigo hanyar keke. Na matse birki, na tsaya cak, ban taɓa ta ba, alhamdu lillahi. Na cire ƙafar hagu kamar yadda na koya, amma nauyina ya riga ya karkata dama, ƙafar dama kuwa tana ɗaure. Ba na manta wannan daƙiƙar: kana ganin ƙasa tana tahowa, ƙafarka tana ja sama kamar yadda ta saba, ka manta da murɗawa ɗungum. Gwiwar hannu ta kuje, ƙugu ya yi tsami kwana uku. Uwar yarinyar tana ta ba ni haƙuri, ni kuma hankalina yana kan cewa da a danja ne, kusa da mota, da labarin ya bambanta.

Daga ranar na ɗauki abin da gaske. Kwana goma ban shiga babban titi ba. Bayan Isha nakan je wani filin ajiye motoci da babu kowa, in taka, in tsaya, in taka, in tsaya, sau hamsin ko fiye. Na zaɓi ƙafar hagu ta zama ita ce mai sauka kullum. Na koyi cire ta tun ina hango danja ko shataletale, ba sai na iso ba, in kuma ɗan karya kan keken zuwa dama a lokacin tsayawa, don hakan yana kwantar da keken hagu, wajen ƙafar da ke sake. Wajen tashi kuma na daina kallon ƙasa. In ba ta kama ba a bugun farko, sai in ci gaba da takawa a haka har keken ya sami gudu, sannan in nemi bakin. Wajen mako na uku na lura na tsaya a wata mararraba, ƙafata tana ƙasa, ban san lokacin da na cire ta ba.

To me na samu? An ce mini zan ƙara gudu saboda zan riƙa jan feda sama da ƙafa ɗaya yayin da ɗayar ke dannawa. A gaskiya ban ga haka ba. Manhajar da ke wayata tana nuna kusan abin da na saba, kilomita 24 zuwa 25 a awa, kuma da na gwada jan nan da gangan, bayan cinyata ne kawai ya gaji. Wanda zai saya don gudu, ya riƙe kuɗinsa ya sayi taya mai kyau. Ribar a wani wuri take. Ƙafata tana zama a wuri guda tun daga fita har dawowa, ba na gyara ta, ba na tunaninta. Iskar Jidda yawanci daga arewa take busowa, saboda haka zuwa Abhur da ita ake kokawa, kuma a nan ne nake saka giya mai sauƙi in juya ƙafa da sauri ba tare da ta yi tsalle daga feda ba. Ina miƙewa tsaye in hau gada hankali kwance. Tafin takalmin mai tauri ya kawar da zafin da nake ji a tsakiyar ƙafa bayan awa ɗaya. Ƙwaurina kuma bai sake ganin jini ba.

Gwiwa ce ta ɗan tayar mini da hankali a wata na biyu, ta dama, ta gefen waje. Da fedar roba ƙafa takan nemi inda ya yi mata daɗi da kanta. Wannan kuwa inda ka ɗaure kilit nan za ta zauna, ta juya sau dubbai a haka. Ni ƙafata ta dama a ɗan buɗe take idan ina tafiya, na kuwa ɗaure kilit ɗin a miƙe sak. Na zauna a kan tebur na saki ƙafafu, na ga yadda suke rataye, na karkata kilit ɗin ya bi hakan, na kuma ja shi baya kaɗan daga gindin babbar yatsa. Cikin mako guda ciwon ya tafi. Sai dai a garin gyaran nan ban ɗaure noti ɗaya da kyau ba. Ranar Asabar na murɗa dunduniya, takalmin ya juya, kilit ɗin ya tsaya a cikin feda. Allah ya sa ƙafar dama ce, ta hagu tana ƙasa. Sai da na zare ƙafa daga takalmin na bar shi a rataye. Yanzu duk daren Alhamis sai na bi notin kilit ɗin guda huɗu da alanki mai milimita 4, in goge yashi, in ɗiga ɗan mai a sifirin, don gishirin teku ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya.

Wanda kekensa na zuwa bakala ne da masallacin unguwa, ko mai ratsa cunkoson Balad, tsohon garin Jidda, ba na ba shi shawarar wannan ko kaɗan, tsayawarsa ta fi tafiyarsa yawa. Mai keke ɗaya da ke yin duka biyun ya duba irin PD-EH500, fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya ta kowane takalmi, ɗayar mai kamawa. Amma mai yin awa ɗaya zuwa sama a buɗaɗɗiyar hanya, musamman a wannan gumin namu, ina ganin ta cancanci kuɗinta da kwana goman koyo.

Makon jiya na mayar da SH51, don na fara taka gada da ƙarfi, SH56 kuwa an yi su ne su saki ƙafa da sauƙi. Na kuma ƙara wa sifirin ƙarfi da ƙas biyu. Da na kai wa Kawu nasa, bai karɓa ba. Ya nuna wani yaro ɗan Makka da ya fara bin mu a watan nan, wanda ke ta kallon ƙafafunmu duk inda muka tsaya, ya ce, “Ba shi. Ka kuma kai shi filin nan naka bayan Isha.”