AlmaLinux ko Rocky Linux: wanne ya fi tsira daga rigimar doka?

Malam, game da tambayarka kan ko doka ta yarda ka ɗora AlmaLinux ko Rocky Linux a sabar ofis maimakon biyan kuɗin Red Hat Enterprise Linux (RHEL), babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta kamfanin Red Hat da su biyun suke kwaikwaya, amsata ita ce dukansu biyu ba su da haramci ga mai amfani da su, kuma AlmaLinux nake ba ka shawarar ɗauka.

Yawancin manhajojin da ke cikin RHEL suna ƙarƙashin lasisin GPL da makamantansa, wanda ya ba duk wanda ya karɓi manhajar damar samun asalin rubutunta, ya gyara, ya sake ginawa, ya kuma raba wa wasu. Abin da Red Hat ke riƙe da shi gam shi ne sunanta da tambarinta, shi ya sa masu sake ginin ke cire su kafin su fitar da nasu. A kan wannan turba CentOS, kwafin RHEL na kyauta, ta yi shekaru tana tafiya, har zuwa Disamba 2020 da aka sanar cewa za a rufe CentOS Linux 8 a ƙarshen 2021, alhali an yi alkawarin kula da ita har 2029. AlmaLinux ta fito a Maris 2021 da tallafin kamfanin CloudLinux, Rocky Linux kuma ta biyo a Yuni, ƙarƙashin Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS.

Inda hanyarsu ta rabu shi ne Yuni 2023, lokacin da Red Hat, wadda IBM ta saya a 2019, ta daina wallafa asalin rubutun RHEL a fili. Ta bar CentOS Stream, inda ake shirya abin da zai shiga RHEL ta gaba, ga jama'a, sauran kuma sai wanda yake da rajista da kamfanin. Kwastoman yana da haƙƙin raba rubutun a ƙarƙashin GPL, amma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ba kamfanin damar yanke hulɗa da shi idan ya yi hakan, ya rasa sabbin gyare-gyare. Wasu masana, ciki har da na ƙungiyar Software Freedom Conservancy, suna ganin wannan tsari ya matse 'yancin da lasisin ya bayar, Red Hat kuma ta tsaya a kan cewa ta cika duk sharuɗɗansa. Wannan taƙaddama tsakanin kamfanin da masu sake gini take. Kai da ka sauke Alma ko Rocky ba ka sa hannu a yarjejeniyar Red Hat ba, saboda haka ba ta ɗaure ka.

A Yuli 2023 AlmaLinux ta ce ta daina ƙoƙarin zama kwafin RHEL ƙwaya da ƙwaya. Yanzu tana gini ne galibi daga CentOS Stream, wanda yake a buɗe ga kowa, tana kuma tabbatar da cewa manhajar da aka yi domin RHEL za ta yi aiki a kanta ba tare da gyara ba. A ganina wannan shi ne matsayi mafi tsabta, domin ba ta dogara da wata ƙofa da za a iya rufewa gobe ba. Gidauniyar da ke riƙe da ita ba ta neman riba, kuma mambobi ne ke zaɓen shugabanninta.

Na ga amfanin wannan 'yanci da idona a wata makarantar kwamfuta da nake kula wa da saba. Na'urar tsohuwa ce, ta hannu, irin wadda ake shigo mana da ita, kuma katin da ke haɗa faya-fayan ajiyarta yana cikin waɗanda aka cire direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da ke sa su aiki, tun daga RHEL 8. Da CentOS 7 ta kai ƙarshen wa'adinta a 30 ga Yuni 2024, mai makarantar ya fara lissafin sayen wata na'ura, kuɗin da ba shi da su. Na sa filashin AlmaLinux 9.4, wadda ta dawo da tallafin irin waɗannan tsofaffin katuna, sai ga faya-fayan duka sun bayyana a allon sakawa, kafin la'asar ɗalibai sun koma kan darasinsu. Har ila yau AlmaLinux 10 tana da bugu na musamman domin tsofaffin furosesa, waɗanda RHEL 10 ba ta karɓa.

Rocky kuwa ina da ita a kan na'ura ɗaya, tana aiki, ba ni da ƙorafi a kanta. Ta nace a kan zama kwafi sak, tana tattaro rubutun daga UBI, ƙunshin manhajojin RHEL da Red Hat ke rabawa kyauta, da sabobin haya na intanet, sannan kamfanin CIQ na Kurtzer ya haɗu da Oracle da SUSE sun kafa ƙungiyar OpenELA, mai wallafa rubutun da ya dace da RHEL a fili, a Agusta 2023. Hujjarsu ta GPL tana da ƙarfi, sai dai sun fi kusa da bakin rigimar.

Ka yi hattara da masu sayar da abin da ba nasu ba. Akwai masu zuwa ofisoshi da filashi su ce sun kawo Red Hat ta asali da lasisin har abada a farashi mai sauƙi. RHEL ba ta da lambar sirri da ake saya sau ɗaya. Rajista ce ta lokaci, da sunanka, daga kamfanin ko dillalinsa. Wasu kuma Alma ko Rocky za su ɗora maka su karɓi kuɗin lasisi, alhali kyauta ne. Ladan aikinsu kaɗai ya halatta su nema. Ka sauke da kanka daga shafin aikin, ka duba lambar tantancewa ta SHA256 kafin ka saka.

Idan akwai wata manhaja a ofishinku da mai ita ya sharɗanta RHEL kafin ya ba da tallafi, to ku biya Red Hat, domin babu ɗaya cikin biyun da zai maye wannan takarda. In babu, ka ɗora AlmaLinux 9, wadda za a ci gaba da ba ta gyaran tsaro har 2032.