Sharhi: Hawan Dutsen Fogo da Ɗan Rakiya, da Kwana a Cikin Kwarin

Masu shirya yawon buɗe ido a São Filipe, babban garin tsibirin Fogo na ƙasar Cape Verde, tsari biyu suke sayarwa. Akwai na yini guda, a kai ka da mota ka ga dutsen tsibirin mai aman wuta ka dawo kafin magariba. Akwai na kwana biyu, inda za ka kwana a Chã das Caldeiras, kwarin da ke gindin dutsen, ka kama hawa da sassafe. Na biyun muka gwada, kuma shi muke ba da shawara. Na yini guda rabinsa a hanya yake ƙarewa, sai ka isa da tsakar rana lokacin da ba a fara hawa.

Daga Praia, babban birnin ƙasar, jirgin sama yakan yi kamar rabin awa, jirgin ruwa kuwa wajen awa 4, kuma tekun yana jijjiga ciki. Wanda zai je tsakanin Disamba da Fabrairu ya bar rarar kwana ɗaya ko biyu, domin hazon hunturun nan namu yana ketare teku ya isa can. Suna ce masa bruma seca, yakan sa a soke tashin jirage, ya kuma rufe duk abin da ka hau dutsen domin ka hango. Daga São Filipe zuwa kwarin tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai. Motocin haya, aluguer, da safe suke saukowa gari su koma da rana, saboda haka wanda ya makara sai shata.

Abin da ya fi cancantar kuɗin yana ƙasa, a ranar farko. Chã das Caldeiras fili ne mai faɗin kusan kilomita 9, a tsayin mita 1,700 daga teku, wani bangon dutse mai suna Bordeira ya kewaye shi kamar kofaton doki, a wasu wuraren tsayin bangon ya kusa mita 1,000. Ta gabas babu bango. Masana sun kiyasta cewa kimanin shekara 73,000 da suka wuce wannan gefen ya zaftare cikin teku, igiyar da ya tayar ta ɗora duwatsu masu nauyin ɗaruruwan tan a kan tudun tsibirin Santiago. Pico do Fogo, dutsen da ake hawa, mai tsayin mita 2,829, daga baya ya tsiro a cikin gurbin. A dubi bangon da hantsi: layi-layi ne na tsohon narkakken dutse da toka, ga wasu jijiyoyi a tsaye sun ratsa su, hanyoyin da narkakken dutse ya bi ta tsagu ya daskare.

Aman 1951 da na 1995 da na 2014 duk ta gindin dutsen suka ɓullo, ba ta ƙololuwa ba. Na ƙarshen ya fara ranar 23 ga Nuwamba 2014, ya tsaya a Fabrairu 2015, ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, amma bai ci rai ba domin a hankali ya malalo. Har yanzu ana ganin rufin siminti ya leƙo daga cikin baƙin dutse, ga sabon gida an gina a gefensa. A nan ake bambance daskararren dutsen iri biyu da ƙafa: mai santsi da ya nannaɗe kamar igiya, da mai kaushi, gutsattsari masu kaifi da ke motsi in an taka, suna yanka tafin takalmi da tafin hannu. Kusa da ramukan 2014 akwai duwatsu masu launin rawaya da ja, ga warin farar wuta. Mai asma kada ya tsaya inda iska ke kaɗo hayaƙin.

Wajen bayanin irin waɗannan abubuwan ne raunin hidimar. 'Yan rakiyar 'yan kwarin ne, sun san hanya kamar yunwar cikinsu, da yawansu gidajensu na ƙarƙashin dutsen nan, amma in ba a tambaya ba, ba su cika yin bayani ba. Kiriyol da Fotugisanci ne harshensu, Faransanci ya fi Turanci samuwa. A tantance harshe tun wajen ciniki, a kuma tabbatar ko kuɗin na kowane mutum ne ko na ayari, ko ya haɗa da zagayen ramukan 1995 da 2014. A riƙe tsabar eskudo, kuɗin ƙasar, daga São Filipe, kada a dogara da kati.

Hawan kansa da misalin ƙarfe 6 na safe ake farawa. Mita 1,100 ne a tsaye, awa 3 zuwa 4. Farkonsa toka ce mai laushi, tsakiya tsakuwa mai zamewa, kashin ƙarshe kuma sai an haɗa da hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauri a awar farko, sai numfashi ya ƙare a sama inda iska ta yi ƙaranci. Na biyu shi ne bin juna kurkusa, domin dutsen da na gaba ya ture kan na baya yake zuwa. Ruwa lita 2 ga kowa shi ne mafi ƙaranci, babu ko ɗigo a hanya, babu inuwa. A saman akwai rami mai faɗin kusan rabin kilomita, in gari ya yi garau ana hango Santiago.

Saukowa ta gangaren toka ake yi, ana tsalle ana nutsewa har ƙauri, abin da aka hau cikin awanni a sauke mafi yawansa cikin mintuna. A jingina baya, dunduniya ta fara sauka. Tokar ba irin ta murhu ba ce, tsakuwa ce ƙanana masu kaifi, in ta shiga takalmi sai ta goge fata. Takalmi mai rufe idon sawu, doguwar safa a ɗora kan wando, waya da kamara a cikin leda a ɗaure.

Masauki ɗakuna ne a gidajen mutane. Ruwa na tanki ne, wanka na ƙa'ida, wuta galibi ta sola. Dare akwai sanyi sosai, a watannin hunturu yakan kusa sifiri, sai da rigar sanyi mai kauri. Abinci ba laifi, ga cukun akuya da gahawar Mosteiros. Sai dai cachupa, dafa-dukan masara da wake, sau da yawa da naman alade ake yin ta, kuma inabin da ake shukawa a ramuka cikin toka giya ake yi da shi, ana kawo ta teburi ba tare da an nema ba. A faɗa wa uwargida tun da rana, kafin ta ɗora tukunya.