NEO-M8T da nanosakan 20 ɗin da aka rubuta a takardarta

NEO-M8T ƙaramar na'ura ce ta kamfanin u-blox na ƙasar Suwizalan, wadda ke karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, GLONASS, Galileo da BeiDou, sannan ta riƙa fitar da bugun lantarki guda ɗaya a farkon kowane sakan domin saita agogon kwamfuta ko na tashar sadarwa. Takardar bayananta ta ce kuskuren wannan bugu bai wuce nanosakan 20 ba idan eriya tana kallon sarari, amma a cikin ɗaki yana iya kaiwa 500. Nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, kuma a cikinsa haske bai fi ya yi tafiyar santimita 30 ba.

Na'urar ta cancanci yabo, sai dai wannan 20 ɗin ba alkawari ba ne a kan kowane bugu. Ma'auni ne na sigma ɗaya, wato kusan kashi 68 cikin ɗari na bugun ne ake sa ran su faɗo cikin wannan iyaka, sauran kuwa suna iya zarcewa. Don haka wanda zai kwatanta ta da 'yar'uwarta NEO-M8N, wadda aka rubuta mata 30 a ma'aunin RMS (wani nau'in matsakaicin kuskure mai kama da sigma ɗaya) da 60 a kashi 99 cikin ɗari, da 30 ɗin ya kamata ya gwada, ba da 60 ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka fito da wata tawaya fili aka kuma tanadi maganinta. Bugun ba ya fita sai a kan kaɗawar agogon cikin na'urar mai megahaz 48, wato kaɗawa miliyan 48 a sakan, shi ya sa yake gaba yana baya da kusan nanosakan 11, wanda idan aka zana shi sai ya yi kama da haƙoran zarto. Saƙon da na'urar ke aikawa mai suna UBX-TIM-TP yana faɗin girman wannan karkata tun kafin bugun ya iso, mai aiki ya cire ta a lissafi. Dalilin nan ne kuma ya sa idan aka saita ta ta riƙa fitar da bugu da sauri maimakon ɗaya a sakan, megahaz 8 ke fita tsaf, megahaz 10 kuwa da rawa, tunda 48 ba ya rabuwa daidai da 10.

Sauran aikin yana wuyan mai saye. Wayar eriya irin RG-58 tana jinkirta sigina da kusan nanosakan 5 a kowace mita, saboda haka mita goma da ba a shigar a saiti ba sun ninka kuskuren takardar fiye da sau biyu. Idan kuma ba a riga an san ainihin wurin da aka kafa eriya ba, dole ne a bar na'urar ta daɗe tana auna shi kafin a kulle shi a saiti. Da yake zangon rediyo ɗaya take saurare, na L1, ba ta iya auna jinkirin da saman sararin samaniya ke jawowa da kanta, kuma wanda aikinsa ke buƙatar haka sai ya nemi ZED-F9T mai zango biyu, wadda aka rubuta mata nanosakan 5.