Ina mai horas da ƙarfin jiki zai ƙaro ilimi? Shawara kafin ka fitar da kuɗinka

In la'asar ta yi sanyi ka bi ta wajen filin wasa na Seyni Kountché a Yamai, za ka ga jama'a na gudu, wasu kuma sun cika ɗakunan ɗaga ƙarfe da ke cikin unguwanni. Mu ma nan Tawa abin ya fara kankama. Kusan kowane ɗaki akwai wani saurayi mai faɗin ƙirji da ake ce wa koc, kuma da yawansu ƙannena ne a wannan sana'a. Duk lokacin da muka zauna shan shayi tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, ina son in ƙaro ilimi in samu takarda, wace formasiyo zan shiga?" Na ga gara in rubuta amsar, kowa ya karanta a natse.

Ba zan ɓoye inda zuciyata ta karkata ba. Ga wanda ke da bak, kuma shekarunsa ba su wuce ƙa'ida ba, ni makarantar INJS ta Yamai, wato cibiyar ƙasa ta matasa da wasanni, nake zaɓa masa. Amma sai na ba ku labarin abin da ya kai ni can, don shi ne ma'aunin da nake auna kowace makaranta da shi.

Farkon shigata sana'ar na biya jaka 90 ga wata formasiyo ta waya. Bidiyo ake turo mana a WhatsApp, mako uku aka yi, sai ga takarda mai tambarin zinariya da tutocin ƙasashe. Na sa ta a gilashi na rataye. Cikin watan Afrilu wani yaro ɗan kokawa ya dawo atisaye bayan ya sha jinyar zazzaɓin cizon sauro. Yana son ya cim ma ƴan uwansa, ni kuma ina son in nuna na iya, sai na ba shi tsugunni-tashi da nauyi a kafaɗa har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Washegari cinyoyinsa suka kumbura, fitsarinsa ya koma kamar shayi na farko. A asibiti likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani: idan aka tilasta wa tsoka fiye da ƙima sai ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Kwana shida yaron ya yi ana ƙara masa ruwa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma har yau in na tuna fuskar mahaifiyarsa a bakin ɗakin nan jikina yakan yi sanyi. A cikin bidiyoyin da na biya kuɗi, ko sau ɗaya ba a ambaci wannan ciwo ba, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda nake horas da mutum balle ya ce mini na yi kuskure.

Tun daga ranar, abin da nake fara tambaya game da kowace formasiyo shi ne: wa zai tsaya a kanka yana kallo lokacin da kake aiki da jikin ɗan wani?

A nan INJS ta kere wa sauran. Makarantar gwamnati ce da ke horas da malaman wasanni da jami'an matasa, da konkur ake shiga, a gwada ka a rubuce, a gwada ka a fili. Karatun shekaru ne, kuma wannan tsawon da matasa ke gudu shi ne amfaninta. Za ka zauna ka koyi ƙashi da gaɓa da tsoka ɗaya bayan ɗaya, ka san abin da ya sa gwiwa ke ciwo in ta karkata ciki lokacin da aka duro daga tsalle, ka san yadda zuciya da huhu ke sabawa da wahala, da dalilin da ya sa ƙarfi ke ƙaruwa a lokacin hutu bayan atisaye. Za ka koyi tsara horo na wata da watanni, inda ake ƙara nauyi kaɗan-kaɗan sannan a sassauta kafin gasa don ɗan wasa ya shiga fili da sauran kuzari. Sannan sai sitaj. Za a tura ka koleji ko lise, ka tsaya gaban aji guda a rana, malaminka na gefe da littafi yana rubuta duk abin da ka yi. In an tashi ya kira ka: me ya sa ka juya wa rabin yara baya, me ya sa ba ka lura da yarinyar can da ta fara haki ba, me ya sa ka fara da gudu mai tsanani jiki bai ɗumama ba. Wannan gyaran ido da ido ba a samunsa ta waya. Ni a can na koyi kallon mutum kafin in kalli takardar da na tsara, in ga yadda yake taka ƙasa, yadda yake numfashi, ko leɓensa ya bushe.

Akwai kuma maganar takarda. Diplom ce ta ƙasa, ma'aikata ta san da ita, za ka iya neman aikin gwamnati da ita, za ka iya ci gaba da karatu a waje. Malaman kuma ƴan ƙasa ne, sun san zafinmu, sun san azumi, sun san abin da ɗan wasanmu ke ci a gida. Gaskiya ne an gina makarantar don malaman makaranta, saboda haka ilimin ɗakin ƙarfe zalla sai ka ƙara da kanka. Hanyar ƙarawar a buɗe take: kwasa-kwasan da hukumomin wasanni ke shiryawa, lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta hannun hukumarmu ta ƙasa FENIFOOT ga mai son ƙwallon ƙafa, da horon masu horaswa da asusun tallafi na Olimpik ke ɗaukar nauyinsa ta hannun kwamitin Olimpik na ƙasa, COSNI. Irin waɗannan gajeru ne, amma ga mai tushe suna da albarka ƙwarai, musamman na tsalle-tsalle da guje-guje, don nan ne uwar horon sauri da ƙarfi.

Kuma ƙasar nan na buƙatarmu. Tun tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a dambe a wasannin Olimpik na Munich a 1972, sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a taikwando daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, kuma a Jamus ya yi horonsa. A nan Tawa aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a 1975, amma har gobe ƴan kokawa da yawa gudu da ɗaukar nauyi kawai suka sani, gwiwa da baya su lalace tun suna da sauran ƙuruciya. Jiki muna da shi, masu shirya shi da ilimi ne suka yi kaɗan.

Sauran zaɓi ba zan daɗe a kansu ba. INSEPS ta Dakar, INJS ta Abidjan da INJEPS ta Porto-Novo makarantu ne na ƙwarai, amma ka bar su sai lokacin masta, don kuɗin haya da abinci za su ci ka kafin karatu ya ci ka. Cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Legas tana horas da masu horaswa, sai dai da Turancin Ingilishi. Takardar horaswa ta BPJEPS ta Faransa an yi ta ne don dokar can, wadda ta hana koyar da wasa don kuɗi ba tare da takarda ba. In ba can za ka zauna ba, wahalar biza ta fi amfaninta. Takardar CSCS ta ƙungiyar masu horaswa NSCA ta Amurka, wadda aka fara a 1985, ita ce mai suna a fagen ƙarfi da shirya jiki, kuma ina girmama ta: sai kana da digiri da shaidar taimakon gaggawa, jarrabawar kashi biyu ce, ana sabunta ta duk shekara 3. Amma a gaban kwamfuta ake yinta, ba wanda zai ga hannunka, saboda haka rufi ce ga wanda ya riga ya yi gini. Ƙananan takardun intanet irin su ACE da NASM da ISSA na gaske ne, amma dala ake biya, kuma a Yamai ba wanda zai tambaye ka su.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato macuta. Sun gane matasanmu na ƙishirwar takarda, sun baza koma a Facebook da TikTok. Duk wanda ya ce cikin kwana uku zai mayar da kai "koc na duniya", kama gabanka. Tambaye shi ina ofishinsu yake, ka je da ƙafarka. Tambayi lambar izinin da ma'aikata ta ba su, ka rubuta, ka je ma'aikatar ka bincika. In ya ce ka turo kuɗi ga lambar wani mutum tun kafin ka ga aji, wannan ya ishe ka amsa. Na ga wanda aka turo wa hoton takardarsa da sunansa a kai tun bai yi darasi ko ɗaya ba, wai don ya gaggauta cika kuɗi. Wasu kuma tambarin manyan ƙungiyoyi suke kwafowa su manna. Ƙungiyar gaskiya tana da hanyar tantance mai takardarta, ka rubuta musu kai tsaye ta adireshin da ke shafinsu, kar ka bi wanda dillalin ya ba ka. Ka kuma bambance atestasiyo da diplom. Atestasiyo shaida ce kawai cewa ka halarta, ko da barci ka yi a kujera. Da yawa sun sayar da babur don ita, sai a wurin neman aiki suka gane. Haka masu haɗa formasiyo da alkawarin aiki a Dubai ko Katar, su karɓi fasfo da kuɗi, lamba ta daina shiga. Ƙannenmu mata su ƙara kula, don mata da yawa yanzu mace suke so ta horas da su, macutan kuma sun san haka, suna kiran ƴan mata darasi a wuraren da ba aji ba ne. Ki je da yayanki ko ƙawarki ranar farko, ki ga wurin da idonki.

Mafi muni su ne waɗanda darasin nasu talla ce. Rana ta farko tsoka, rana ta biyu sai a fito da gwangwanaye da allurai, a ce in ka sayar wa yaranka kana da kaso. Alluran ƙara tsoka suna lalata hanta da zuciya, suna kashe ƙwayar haihuwar namiji. Deksa da ake sha don ƙiba ruwa take tarawa a jiki, ta ta da hawan jini da suga, ta raunana ƙashi. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Malamin da ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan da sunan taimako, tashi ka fita, ko da kuɗinka sun tafi.

Ga gwajin da nake yi wa kowane malami kafin in tura masa yaro. Ina tambayarsa me zai yi da ɗan wasa mai ɗauke da ƙwayar sikila, wanda lafiyarsa lau amma yana iya faɗuwa in aka haɗa masa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa. Ina tambayarsa kwana nawa jiki ke ɗauka kafin ya saba da aiki cikin zafi. Amsar kwana 10 zuwa 14 ce, ana ƙarawa sannu. Ina tambayarsa ko yana auna ɗan wasa kafin atisaye da bayansa, don kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Sai azumi: yaushe zai sa aiki mai nauyi, kafin shan ruwa ko bayan tarawi? Wanda ya yi karatun gaske zai ji daɗin tambayoyin, ya ja kujera. Na bogi zai ce wannan aikin likita ne.

Makon jiya wani ƙanena daga Konni ya kira ni, ya tara jaka 120 yana shirin turawa ga wata formasiyo ta waya. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa, ya fara zuwa Kuruwa Ruj ya yi horon taimakon gaggawa, ya iya danna ƙirji 30 da hura numfashi 2 har hannunsa ya saba. Daga nan ya haɗa takardun haihuwa da na bak, ya je INJS da kansa ya tambayi sharuɗɗan konkur na bana, ya fara gudun asuba tun yanzu. Kafin lokacin kuma zai zo nan Tawa ya zauna gefena wata biyu, yana ba yara atisaye ina kallonsa.