Ƙwan gida, na zabo ko na kiret: wanne za ki saya a Damagaram?

Idan kin tsaya gaban mai ƙwai a Kasuwar Dole, kada ki fara da tambayar kuɗi. Tambaye shi, "Malam, yaushe ƙwan nan ya zo?"

Ga dalilina. Ƙwayar cutar Salmonela, mai kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, kan zauna a jikin ɓawo ta hanyar kashin kaza, wani lokaci kuma tana cikin ƙwan tun kafin a saka shi. A 1998 ma'aikatar noma ta Amurka ta bi sawun ƙwai da lissafin kwamfuta, daga gona har tukunya, ta ƙiyasta cewa a can ɗaya cikin 20,000 ne ke ɗauke da ita. FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da irin wannan lissafi a 2002. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zancen zafi. Farin ƙwai yana tauye ƙwayar, amma akwai tantani da ya raba shi da gwaiduwa, kuma zafi ke raunana shi. Da ta kai ga gwaiduwa sai ta hayayyafa. A ƙasa da digiri 7 ba ta yaɗuwa. To ki tuna bazararmu, Afrilu da Mayu, inda muke wuce digiri 40.

Shi ya sa ƙwan kiret, mai guda 30, yake da fuska biyu. Na gonar da ke kusa da gari, wanda aka kwaso jiya ko shekaranjiya, shi ne zaɓina na farko. Wanda ya sha doguwar tafiya a mota, sannan ya yi kwanaki a rumfa rana na dukansa, girmansa ba ya ruɗa ni ko da an yi ragi.

Ƙwan gida ya fi daɗi, ban musa ba. Sai dai daga gurbi ake tsinto shi, ba a cika sanin ranar da aka saka shi ba, wani ma kaza ta fara kwanci a kai. Na taɓa fasa baragurbi cikin kwaɓin da na gama haɗawa, dole na zubar da komai. Tun daga ranar, kowane ƙwai a ƙaramin kwano nake fara fasa shi.

Na zabo da damina yake yawa, ɓawonsa na da kauri, ba ya saurin tsagewa a hanya. Idan lokacinsa ne kuma kin san mai kawowa, ki saya.

Ko wanne ne, ki bar mai tsaga, ki bar mai kashi a jiki. Gwajin ruwa yana nuna tsufa kawai: wanda ya taso sama ya daɗe, amma nutsewa ba shaidar lafiya ba ce. Kada ki wanke ƙwai ki ajiye, domin wanki na cire siririn rufin da ya toshe ƙofofin ɓawo. Idan babu firigo, ko wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki sayi na kwana biyu zuwa uku, ki bar wa masu shayi kiret.

Wanda za a ba yaro ƙarami, mai ciki, tsoho ko mara lafiya, a dafa shi har gwaiduwa ta daskare. Wurin mai shayi ma ki ce ya bar shi ya soyu sosai, kada ya sauke da ruwa-ruwa a tsakiya.